Nijeriya Da Indunusiya: Tare Aka Tashi, A Ina Aka Rabu?

Jawabin da sakataren ƙungiya ya karanta a babban taron magidanta na Sabo, Badun.



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya nuna mana wannan rana lafiya, tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta. Mai girma Sarkin Hausawa, ranka ya daɗe. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku. Shugabannin kasuwa, na kara da na goro da na kayan gwari, iyayenmu mata, da matasanmu, muna yi wa kowa barka da zuwa.

Bayan haka, jama'a za su tuna a zaman da ya wuce, muna cikin maganar tsadar abinci da kuɗin haya, wani dattijo daga cikinmu ya miƙe ya yi wata tambaya da ta sa wuri ya yi tsit. Ya ce shi sau biyu Allah ya kai shi aikin hajji, kuma duk zuwan yana lura da alhazan Indunusiya, yadda suke tafiya a tsare, da likitocinsu da abincinsu. Ya ce ya tambaya aka gaya masa da can su ma matalauta ne kamarmu. To su me suka yi, mu kuma wa ya yi mana baki? Ba wanda ya ba shi amsa a ranar. Kwamiti ya ɗora mana nauyin mu bincika, muka zauna da 'ya'yanmu da ke karatu a jami'a, suka taimaka mana da alƙaluma. Abin da muka samo shi ne za mu karanta muku, kuma muna roƙon a yi haƙuri da mu, don akwai lissafi a ciki.

Bari mu fara daga teburin mai shayi, tunda ba layin da za ka bi a Sabo ba ka tarar da ɗanmu yana soya Indomie da ƙwai ba. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka wannan taliya 'yar Nijeriya ce. Asalinta Indunusiya ne. Kamfanin can ne ya haɗa hannu da wani kamfanin Singafo suka kafa masana'anta a Ota ta Jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990. Abin mamakin shi ne Indunusiya ba ta noman alkama, don yanayinta bai karɓe ta ba. Sayowa take yi daga Ostireliya da wasu ƙasashe, ta niƙa, ta sarrafa, ta sa a leda da sunanta, ta sayar wa duniya. Manjan da ake soya taliyar da shi kuwa, asalin itacensa na nan Yammacin Afirka ne. Turawan Holan ne suka kai 'yan tsirrai huɗu wani lambu a garin Bogor a 1848. A farkon shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen manja. Yau Indunusiya ce ta ɗaya, ita da Maleshiya suna samar da fiye da kashi 80 cikin ɗari na manjan duniya, mu kuma har shigo da shi muke yi.

Mun zaɓi mu gwada kanmu da Indunusiya ne saboda in aka gwada mu da Ingila ko Amurka, kowa zai ce ai su ne suka yi mulkin mallaka, sun riga mu tashi. Indunusiya kuwa kamar 'yar'uwarmu ce ta wani ɗaki. Tana da mutane wajen miliyan 280, mu muna da sama da miliyan 220. Tana da harsuna fiye da 700 a warwatse a tsibirai wajen 17,000. Mafi yawan mutanenta Musulmi ne, shi ya sa kujerun hajjinta suka fi na kowace ƙasa, sama da 200,000 a shekara. Tana da man fetur. Sojoji sun daɗe suna mulkinta. Ta ga zubar da jini: a 1965 zuwa 1966 an kashe mutane wajen rabin miliyan, ana gab da namu yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. A 1966 farashin kaya a can ya ninka fiye da sau shida a shekara guda. Har zuwa 1980, in aka raba arzikin ƙasa a kan kowane mutum, ɗan Nijeriya ya fi ɗan Indunusiya samu. A 2024 kuwa nasu ya kusa dala 5,000 a shekara, namu yana wajen dala 1,000. Kusan kowane gida a can yana da wutar lantarki, mu kuma kusan mutum huɗu cikin goma ba su da ita sam. A ma'aunin gwamnatinsu, matalauta ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba a 2024. Hukumar ƙididdiga ta Nijeriya ta ce a 2019 kashi 40 cikin ɗari na mutanenmu suna ƙasa da layin talauci, kuma kowa ya san abin da ya biyo baya tun da aka cire tallafin mai a 2023.

Amsar da aka fi ba mu in an yi irin wannan tambaya ita ce ƙaddara. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma ba mu taɓa ganin Bahaushen da ya ɗora shanu a mota daga Maigatari ya ƙi duba taya don ya yi imani da ƙaddara ba. Su ma alhazan can da ƙaddarar suka yi imani, alƙibla ɗaya muke kallo. Wannan fage na malamai ne, mun bar musu.

Sai maganar Turawa, kuma akwai gaskiya mai yawa a cikinta. Layin dogo da ya isa Kano wajen 1912 an shimfiɗa shi ne don gyaɗa da auduga da fata su gangaro bakin teku a loda su a jirgi. An tsara ƙasashenmu su riƙa sayar da ɗanyen kaya su sayo sarrafaffe, kuma har yau ba mu fita daga wannan tsari ba. Ku dubi kokon da maƙwabtanmu Yarabawa ke nomawa. Ghana da Kwaddibuwa kaɗai suna samar da fiye da rabin kokon duniya, amma manyan kamfanonin cakulan suna Turai da Amurka, kuma abin da ke isa hannun manomi daga kuɗin cakulan ɗin bai kai kashi goma cikin ɗari ba. Ƙasashe masu noman auduga, Mali da Burkina Faso da Chadi da Benin, sun kai ƙara taron cinikayya na duniya a 2003, saboda tallafin da Amurka ke ba manomanta yana karya musu farashi. Duk wannan haka yake. To amma ita ma Indunusiya an mallake ta, kuma mallakar Holan ba ta fi ta Ingila sauƙi ba. Daga 1830, an shafe shekaru kusan arba'in ana tilasta wa manoman tsibirin Jawa su ware wani kaso na gonakinsu su shuka rake da gahawa da baba don amfanin Holan, har yunwa ta kashe mutane masu yawa. Da yaƙi suka ƙwaci 'yancinsu tsakanin 1945 da 1949. Ke nan raunin da aka yi mana su ma an yi musu.

Wasu za su ce sata ce ta kashe mu. Ba mu musa ba, don har yau ana dawo da kuɗin da aka ɓoye a Suwizalan da wasu wurare tun zamanin Janar Abacha. Amma ga abin da ya ba mu mamaki. A 2004 ƙungiyar Transparency International ta fitar da jerin shugabannin da ake zargi da wawure dukiyar ƙasashensu. Wanda ya zo na ɗaya shi ne Suharto, sojan da ya mulki Indunusiya fiye da shekara talatin har zuwa 1998, da kimanin dala biliyan 15 zuwa 35. An ƙiyasta na Abacha a biliyan 2 zuwa 5. Kamfanin mansu na gwamnati, Pertamina, ya kusa durƙusar da ƙasar a 1975 da bashin wajen dala biliyan 10. Saboda haka kada wani ya fita daga nan ya ce sakatare ya ce shugabannin Indunusiya waliyyai ne. Sun ci, sun kashe, sun ɗaure 'yan adawa. Tambayar ita ce, abin da ya rage bayan an ci, ina aka zuba shi?

A nan ne muka ga mararrabar, kuma shekarunta sanannu ne. A ƙarshen 1973 farashin gangar ɗanyen mai ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. Kuɗi suka kwararo wa ƙasashen biyu a lokaci ɗaya, kamar magada biyu da aka raba wa gado rana ɗaya.

Indunusiya ta kai kaso mai tsoka ƙauye. Tsakanin 1973 da 1978 gwamnati ta gina makarantun firamare fiye da 61,000, kuma aka fi ba da ƙarfi a yankunan da yara suka fi ƙarancin shiga makaranta. Aka horar da malamai, aka ɗauke su aiki. Aka gyara tsofaffin hanyoyin ban-ruwa, aka yi hanyoyin ƙauye da ƙananan asibitoci. Aka kawo sabon irin shinkafa mai yawan yabanya daga cibiyar binciken shinkafa da ke Filifin, aka kai wa ƙaramin manomi takin zamani da rahusa da bashi mai sauƙi. Sannan aka sa wata hukuma mai suna Bulog ta tsaya a kan farashi: in kaka ta yi, shinkafa ta faɗi, hukumar ta saya a farashin da manomi ba zai yi asara ba, in ta yi tsada ta fito da ita. Duk wanda ya taɓa kawo kwandon tumatir Shasha ranar da motoci suka yi yawa ya san darajar wannan. A ƙarshen shekarun 1970 Indunusiya ce ta fi kowace ƙasa sayen shinkafa daga waje. A 1984 ta ciyar da kanta. Matalauta suka ragu daga kashi 40 cikin ɗari a 1976 zuwa wajen kashi 11 a 1996.

Mu kuma fa? Dattawan da ke nan sun ga abin da idonsu. A 1974 aka yi ƙarin albashin Udoji, aka biya har da bashin watannin baya, kasuwa ta cika da kuɗi, farashi ya tashi, wanda ba ma'aikaci ba ya sha wuya. A 1975 aka yi odar siminti wajen tan miliyan 20, alhali tashar jirgin ruwa ta Ikko ba ta iya sauke ko kashi ɗaya cikin goma na wannan a shekara. Jirage fiye da 400 suka yi layi a teku wata da watanni, ana biyan su kuɗin jira, siminti yana daskarewa a ciki. A 1977 aka yi bikin FESTAC. A 1979 aka ba da kwangilar kamfanin ƙarfe na Ajakuta, wanda har yau bai kai ga aikin da aka gina shi dominsa ba. Don adalci, mu ma an yi shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, kuma da yawa daga cikin masu karatun boko a wannan zaure ta nan suka shiga. Sai dai yara sun zo fiye da yadda aka shirya, malamai ba su isa ba, da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980 kuma makarantun ne suka fara jin jiki. An yi shirye-shiryen noma masu manyan sunaye, an gina madatsun ruwa, amma kuɗin sun fi tafiya wajen 'yan kwangila da manyan gonaki. A Bakolori ta ƙasar Sakkwato, manoman da aka karɓe wa gonaki suka fito neman diyya a 1980, aka tura musu 'yan sanda, aka kashe mutane da dama. A can ana kai wa manomi taki har ƙauyensa, a nan ana karɓe masa gona.

Akwai kuma wani abu da ba a gani da ido, wanda ya fi simintin ɓarna, kuma muna roƙon a saurara da kyau don mu ma sai da aka maimaita mana. In kuɗin mai suka shigo ƙasa da yawa, kuɗin ƙasar sai su yi ƙarfi. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya da rabi. Muna yawan tuna wannan zamani da daɗi, muna cewa lokacin naira tana naira. To amma ku dubi abin ta wajen manomi. In naira ta yi ƙarfi haka, shinkafar Tailan da ta Amurka sai ta iso Ikko da araha fiye da wadda aka noma a Bida ko Abakaliki. Mai gyaɗa da mai koko da mai manja kuma, in an sayar da kayansu a waje aka canza dalar, 'yan nairori kaɗan ne ke zuwa hannunsu, ga hukumomin sayen amfanin gona na gwamnati suna ƙara danne farashin, har aka rushe su a 1986. Noma ya daina biya. Ga farin 1972 zuwa 1974, ga cutar da ta kama gyaɗa a 1975. Dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace, matasa suka bar gona suka nufo birane. In muka faɗi gaskiya, da yawa daga cikin iyayenmu da mu kanmu wannan guguwa ce ta kawo mu Kurmi. Masana suna kiran wannan ciwo cutar Holan, don ya taɓa kama ƙasar Holan bayan ta sami iskar gas.

Indunusiya ta ga ciwon tun da wuri. A 1978, kuɗin mai na shigowa, ta rage darajar kuɗinta da gangan, ta sake a 1983 da 1986, don manominta da masaƙarta su iya gasa a kasuwar duniya. Da man ya faɗi, tana da tufafi da takalma da katako da za ta sayar. Mu sai da rijiya ta ƙafe aka karya naira a 1986 a ƙarƙashin shirin SAP, lokacin ba mu da abin sayarwa sai man. Magani ɗaya ne, amma wanda ya sha da sauran ƙarfinsa da wanda aka ɗura wa yana kwance ba su zama ɗaya ba. Masaƙun Kaduna da Kano da suka ɗauki dubban ma'aikata suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, saboda rashin wuta da kayan fasa-ƙwauri. Muka shekara da shekaru muna sayar da ɗanyen mai muna sayo tataccen fetur, sai a 2024 matatar Dangote ta fara fitar da fetur. Ita kuwa Indunusiya a 2020 ta hana fitar da ɗanyen ma'adinin nikel, ta ce duk mai so ya zo ya kafa masana'anta a ƙasarta. Ci gaban nata yana da nasa tabon: an share dazuzzuka masu yawa a Sumatra da Kalimantan don gonakin manja, an raba ƙauyawa da filayensu, kuma har yau akwai masu fama da talauci a can.

Wanda yake ganin sai an je Asiya kafin a ga amfanin zuba kuɗi a kan yara, ya ɗaga kai ya dubi garin da muke zaune. A 1955 gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta fara ilimin firamare kyauta, da kuɗin koko da haraji. A shekara guda yaran firamare suka tashi daga wajen 457,000 zuwa sama da 800,000. Jikokin waɗannan yara su ne lauyoyi da likitoci da ma'aikatan banki da muke zuwa wurinsu da takardunmu a hannu, muna neman wanda zai karanta mana. Ƙasa ɗaya ce, tuta ɗaya, amma bambancin da ke tsakanin ƙasa da ƙasa ga shi nan tsakanin unguwa da unguwa.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi shafar wannan ƙungiya, wato haƙƙin baƙo. Mutumin da ya kafa kamfanin da ke yin Indomie, Liem Sioe Liong, ba ɗan asalin Indunusiya ba ne. Daga ƙasar Sin ya je yana saurayi a shekarun 1930, ya fara da ƙaramin ciniki kamar yadda kakanninmu suka zo nan da goro da shanu. Daga baya ya yi arziki ƙwarai, kuma kusancinsa da Suharto ya taimaka masa, wannan ba ɓoyayye ba ne. Amma da yawa daga cikin Sinawan Indunusiya masu ƙananan shaguna ne, an haife su a can, an haifi iyayensu a can, duk da haka a wancan lokaci ana kiransu waɗanda ba 'yan ƙasa ba. A da har wata takarda ta musamman ake neman su nuna kafin a yi musu fasfo ko a ɗauki 'ya'yansu a makaranta. Muna jin wannan labari bai yi wa kowa a nan baƙo ba. Da tattalin arzikin Asiya ya rikice a 1997, kuɗin ƙasar ya faɗi daga wajen 2,400 a kan dala zuwa sama da 16,000, sai fushin jama'a ya sauka a kansu. A watan Mayun 1998 aka ƙona shaguna da gidaje a Jakarta da wasu birane, mutane fiye da 1,000 suka mutu, har gidan shi Liem aka afka wa. Dubban mutane suka gudu da iyalansu da jarinsu, ƙasar ta ƙara shiga uku. Abin lura shi ne matakin da suka ɗauka bayan haka. A cikin shekarar, sabon shugaba Habibie ya ba da umarnin a daina amfani da kalmomin ɗan ƙasa da wanda ba ɗan ƙasa ba a harkokin gwamnati, a 2006 kuma aka yi sabuwar dokar zama ɗan ƙasa da ta daidaita su da kowa.

Ba a taɓa korar 'yan kasuwa ƙasa ta ƙaru ba. Ghana ta gwada a 1969, ta ba baƙi mako biyu su fita, kuma akwai gidaje a Sabon nan da iyayensu a wannan kora suka dawo. Idi Amin ya kori Indiyawa daga Uganda a 1972, shaguna da masana'antu suka mutu a hannun waɗanda aka raba wa. Mu ma Nijeriya mun kori baƙi fiye da miliyan ɗaya a 1983, ba mu ga arzikin da ya ƙaru ba. A cikin gida kuma mun ga Shagamu a 1999, da ramuwar da aka yi a Kano a kan mutanen da ba su ji ba su gani ba, mun ga Shasha a Fabrairun 2021. Asarar ba ta tsaya a kan abin da wuta ta ci ba. Mutumin da bai tabbata zai kwana a shagonsa baɗi ba, ba zai gina na bulo ba, ba zai sayi injin niƙa ba, ba zai dasa itace ba. Zai riƙe jarinsa a abin da zai iya ɗauka ya gudu da shi. Haka ƙasa take in masu jari ba su amince da kotunta da takardunta ba. Kuma abin da muke nema wa kanmu a nan, shi ne haƙƙin Bayarabe da Ibo da ke Sabon Garin Kano da Zariya, ba bambanci.

An kafa Sabon nan tun 1916. Tsarin mulkin 1999, sashe na 41, ya ba kowane ɗan Nijeriya damar ya zauna a duk inda ya so a ƙasar. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko addininsa ko inda ya fito. Sashe na 43 ya ba shi damar mallakar fili da gida a ko'ina, na 44 kuma ya ce in gwamnati za ta karɓa sai da diyya. Matsalar takardar shaidar asali tana nan, don shi tsarin mulkin ya ambaci ɗan asalin jiha wajen naɗa ministoci, kuma da wannan ƙofa ake shiga a hana 'ya'yanmu gurbin karatu da aiki. Wannan gwagwarmaya ce mai tsawo, muna cikinta tare da sauran ƙungiyoyi. Amma akwai haƙƙoƙin da ba wanda ya hana mu, mu ne ba mu je mun ɗauka ba.

Dokar UBE ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro, ba ta ce sai ɗan asalin jiha ba. Ƙasar nan tana da yara fiye da miliyan 10 da ba sa zuwa makaranta, kuma kada mu yaudari kanmu, wasunsu a layukanmu suke, suna talla da tura baro. Yawancinmu da ke kan wannan tebur, har da mai karanta muku jawabi, da gemunmu muka koyi haɗa baƙi a ajin yaƙi da jahilci, mun san kunyar dangwala yatsa a kan takardar da ba ka san abin da ke ciki ba. A Indunusiya fiye da mutum 95 cikin ɗari na manya suna karatu da rubutu. Ba mu ce a bar makarantar allo ba, su ma can suna da makarantun addini na kwana da suke kira pesantren, dubbai, kuma da yawansu sun haɗa karatun addini da lissafi da sana'a.

Sannan mu dubi cinikinmu, don mu ma irin na ƙasa matalauciya muke yi. Muna kawo sa da ƙafarsa tafiyar kwana biyu ko uku, ya rame a hanya. Fatar ko dai a babbake ta a ci ganda, ko a jeme ta rabi a tura Italiya da Sifen, ta dawo mana a takalmi da jaka da kuɗin da ya ninka. Tumatir ya ruɓe a kwando a bakin kasuwa, matanmu kuma su sayi na gwangwani da aka sarrafa daga Sin. Kwamiti ba ya cewa gobe za mu kafa masana'anta. Amma shugabannin kayan gwari sun kawo shawarar a haɗa adashi a yi rajistar ƙungiyar gama-kai, a fara da wurin shanya da injin niƙa, kuma za a tattauna wannan a zama na gaba. Muna roƙon iyayenmu mata su turo wakilansu, don su suka fi mu sanin harkar.

Ga abin da kwamiti ya zartar kafin nan. Daga ranar Asabar mai zuwa matasa za su bi gida gida su rubuta duk yaron da ya kai shekara shida ba ya zuwa makaranta, namiji ko mace. A ba su haɗin kai, ba don a kai ƙarar kowa ba ne. In an ƙi karɓar yaro ko an nemi takardar asali, a zo ofis a faɗa mana, za mu raka uban yaron da wasiƙa. Duk mai fili ko gida ko rumfar da ya saya, ya kawo takardunsa ranar Lahadi bayan la'asar, ko da rasit ne kawai ko yarjejeniyar hannu, lauyan da ke taimaka mana zai duba ya gaya masa abin da ya rage kafin ya sami takardar mallaka ta gwamnati. Wanda katin zaɓensa yake can gida alhali a nan yake biyan haraji, hukumar zaɓe tana ba da damar a dawo da shi nan duk lokacin da ta buɗe rajista, kuma za mu sanar a masallatai. Kansila ba ya gyara kwatar unguwar da ba ta da ƙuri'a. Ajin manya yana nan Litinin da Laraba bayan isha'i, na mata kuma Asabar da hantsi, kuma har yanzu akwai benci biyu da ba kowa.

Baba da ya yi tambaya, Allah ya ƙara girma, iyakar abin da muka iya samowa ke nan. In akwai gyara, zaure a buɗe yake.